Fodkas Daga Damagaram: Ranar da Kwamfuta Ta Karya Farashin Gero

Malam: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka daga Zinder. Yau ina tare da ɗalibaina biyu, wa da ƙanwa. Kai babban, faɗa musu abin da ya same ka.

Yaya: Malam, kunya ce. Kawunmu na sayar da hatsi a kasuwar Dole ta nan Zinder, abokan cinikinsa na turo masa farashi ta WhatsApp. Na ce bari in rubuta manhaja da harshen kwamfuta na C++ ta riƙa karanta saƙon, tana ajiye kowane kaya da kuɗinsa a tebur. Na ɗauko Boost.Spirit, laburaren C++ na Joel de Guzman, wato kayan aikin rubuta manhaja, wanda ke tsefe rubutu bisa ƙa'idar da ka shimfiɗa masa. Wani ya rubuto "gero 1.500", manhaja ta ajiye tiya a sefa ɗaya da rabi.

Ƙanwa: Da Kawu ya sayar haka, da unguwannin Birni da Zengu duk sun yi layi!

Malam: To laifin wa?

Yaya: Nawa. Na yi amfani da double_, ɓangaren Spirit mai karanta lamba mai gutsure, shi kuwa ɗigo a wurinsa gutsuren lamba ke biye, irin rubutun Ingila da Najeriya. Mu nan tsarin Faransa muka koya a lakwal: waƙafi ke raba gutsure, dubbai kuma sarari ko ɗigo.

Ƙanwa: Ni fa Yaya tun farko na ce maka ka rabu da double_. Wa ya taɓa biyan rabin sefa a Dole? Cikakkiyar lamba ta isa. Ka rubuta ƙa'ida: lamba ɗaya zuwa uku, sannan ɗigo ko sarari da lamba uku cif, a haɗe su.

Malam: Ta fi ka gaskiya. Kuma gutsure a kwamfuta ba koyaushe yake zama daidai ba, ko 0,1 da 0,2 ka tara ba za su ba ka 0,3 sak ba. Amma ni abin da ya fi burge ni dala ce.

Yaya: Nan tebur ya yi rana. Tsoho ba zai rubuta 1500 ba, "dala 300" zai ce. Spirit na da wani tebur da ake kira symbols, ka ba shi kalma da ƙimarta. Na sa dala sefa 5, jika sefa 1000. In ya ci karo da kalmar sai ya ninka da lambar da ke biye. Sunayen kaya ma tebur na yi musu, sabon suna ya shigo a ƙara shi nan take.

Ƙanwa: "Wake" da "waken suya" fa, ba ya rikicewa?

Yaya: A'a, mafi tsawon da ya dace yake ɗauka. Ƙuli-ƙuli ne ya wahalar da ni. Wani wayarsa na da ƙ mai lanƙwasa, wani k kawai yake bugawa, tebur ya ɗauke su kaya biyu.

Malam: Ka daidaita haruffan kafin su shiga.

Yaya: Na yi, Malam. Jiya kuma wani daga Maigatari ta Najeriya ya turo farashi da naira, bai ma rubuta naira ba.

Ƙanwa: Wannan kam sai dai ka buga masa waya.