Amsoshin Tambayoyinku: tablet ɗin da maigida ya aiko daga ci-rani

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare na cikin birnin Maradi da kewaye, Tibiri, Madarunfa, Gidan Runji, har ku mutanen Ɗan Isa da ke jin mu kuna hangen Jibiya. Saƙonninku na wannan mako kusan duka a kan abu guda suka taru, wato tablet, faffaɗar wayar nan mai kama da allon almajiri. Ga baƙonmu na kullum ya rufe rumfarsa ta gyaran waya a bakin babbar kasuwa ya zo. Malam, sannu da zuwa. Lokacinmu kaɗan ne, don Allah yau a taƙaita.

Mai gyara: Sannu kadai. Ai ni kullum taƙaitawa nake yi.

Mai gabatarwa: Masu saurare ne shaida. Bari mu fara da wani ɗalibi na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, yana tambaya ko barin Bluetooth a kunne yana cinye masa forfe, wato datar intanet da ya saya.

Mai gyara: Ko mega guda ba ya ci. Batir yake taɓawa, shi ma kaɗan.

Mai gabatarwa: To ɗan makaranta, ka nemi ɓarawon forfenka wani wuri, ina zargin bidiyon da kake kallo da dare. Sai wani Alhaji daga Sabon Gari, ya ce da Skype ya saba kiran ɗansa da ke Faransa, yanzu ya buɗe ta a tablet ta ƙi.

Mai gyara: Alhaji, ba tablet ɗinka ba ce. Kamfanin Microsoft ya rufe Skype a watan Mayun 2025. Ku koma WhatsApp, kai da yaron.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga wadda nake so mu zauna a kanta, don irinta ta zo mana daga Tasawa, ta zo daga Mayahi da Dakoro. Wata baiwar Allah ce daga unguwar Bagalam, ba ta sa suna ba, kuma na gane dalili. Ta ce: "Maigidana yana ci-rani a Libiya, wanga shekara ta biyu ke nan. Ya aiko mini da tablet don mu riƙa gaisawa. Na ɗauko pus ɗina, wato katin layin wayata, zan sa, ramin ya ƙi karɓa. Ƙanensa ya haɗa mini da wayarsa muka yi magana ta WhatsApp, amma muryar maigida sai ta cika tsakar gida, uwar mijina na ji, facalata na ji, yara na dariya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ina mafita?" Allah sarki. Malam, bismillah.

Mai gyara: To, maganinta dai Bluetooth ne. Shi wannan suna ma abin sha'awa ne, sunan wani sarki ne na ƙasar Denmark da ya yi zamani a ƙarni na 10, ana ce masa Harald, ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa, shi ya sa da kamfanin Ericsson ya fara aikin a 1994, daga baya aka zo raɗa suna...

Mai gabatarwa: Malam, Malam! Ƙanwarmu tana Bagalam tana jira, kai ka tafi Turai. Mu fara da ramin da ya ƙi karɓar pus.

Mai gyara: Haka ne. Ramin nan, mai yiwuwa ba na pus ba ne, na katin memori ne, wanda ake zuba hotuna da waƙoƙi. Kusan kullum sai an kawo mini tablet an cusa mata pus a ramin memori da tsinke, sai na ciro da ƙyar. Don Allah a daina turawa da ƙarfi. Tablet iri uku ce. Akwai wadda ba ta da gidan pus sam, sai Wi-Fi kawai. Akwai mai ɗaukar pus amma don intanet kaɗai, ba ta buga lamba. Sai ta ukun, wadda take waya ce sosai, girma ne kawai ya yi mata yawa: ka sa pus, ka danna lamba, ta shiga.

Mai gabatarwa: Yaya mutum zai gane wadda ke hannunsa?

Mai gyara: Ya duba kwalinta ko bayanta. In ya ga doguwar lamba an rubuta IMEI a gabanta, to tana ɗaukar pus. In babu, ta Wi-Fi ce. Sannan ya duba cikin allon, ko akwai alamar kan tarho da ake latsawa lambobi su fito. In babu wannan, ko ta karɓi pus ba za ta buga kira irin na kullum ba, kuma sau da yawa ko lambobin duba kredi masu tauraro ba za ka iya latsawa ba, sai ka zare pus ka sa a ƙaramar waya ka sayi forfe ka mayar.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don Inna da ke can tana tankaɗe tana saurare. Iri uku. Wadda ba ta cin pus. Wadda ke cin pus amma intanet kawai take bayarwa. Da wadda ke kira kamar kowace waya. To ita wannan ƙanwar tamu, bisa ga dukkan alamu, ta farkon ce ta samu. Ke nan maigida ya yi asarar kuɗinsa?

Mai gyara: A'a, bai yi ba. Abin da take bukata intanet ne daga wani wuri. Ko waya mai raba intanet, kamar yadda ƙanen mijin ya yi mata, ko ɗan akwatin Wi-Fi na aljihu da ake sa wa pus, ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, duk wanda rezonsa ya fi ƙarfi a unguwarsu. Amma akwai abin da ya tsaya mini a saƙonta. Ta ce ƙanen ya haɗa mata da wayarsa. In intanet kawai ya ba ta, babu laifi. In kuwa WhatsApp ɗinsa ya jona a tablet ɗin, to duk saƙon da maigida ya turo, ƙanen zai gani a wayarsa, don asusu guda ne ake buɗewa a wuri biyu. WhatsApp ta yarda a jona har na'ura 4 a kan lamba ɗaya.

Mai gabatarwa: Subhanallahi. Wato ba tsakar gida kaɗai ke ji ba.

Mai gyara: Shi ya sa nake cewa ta buɗe nata da lambarta. Ba sai pus ɗin yana cikin tablet ba. Ta bar shi a ƙaramar wayarta mai maɓalli, ta rubuta lambar a tablet, ta fara da 227 na Nijar. Za a turo mata lambobi 6 ta saƙo a ƙaramar wayar, sai ta kwafe su a tablet. Shi ke nan, nata ya zama nata. Kuma lambobin nan 6 kada ta faɗa wa kowa, ko wa ya kira ya ce shi ma'aikaci ne.

Mai gabatarwa: A ji da kyau: pus a ƙaramar waya, lamba a tablet, lambobi 6 kuma sirri ne. Saura maganar murya.

Mai gyara: Yawancin tablet ba su da ɗan ramin nan na sama da ake kangawa a kunne, sifika kawai gare su, shi ya sa murya ke fita fili. Sai ta nemi ekuter, abin sauraren nan da ake sawa a kunne. Mai igiya ya fi arha, ba ya son caji, in tablet ɗin tana da ramin sa shi. In ta fi son marar igiya, na Bluetooth, to ta tabbata yana da makirufo, ta gwada shi a gaban mai shago da kira na gaske, ba da waƙa ba. Don hanyar waƙa daban, ta magana daban, wani ekuter ɗin waƙa za ta fito garau, amma in ka yi magana na can ya ji ka kamar daga cikin rijiya. Nisansa kuma kamar mita 10 ne in babu shamaki. Katangar ƙasa mai kauri tana rage shi, ƙofar ƙarfe ma haka. Kada ta bar tablet a ɗakin Inna tana caji ta ce za ta yi hira daga nata ɗakin.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya taɓa kunyata wani mai kawo mini gyara. Bluetooth ba ya mantuwa. In yara sun taɓa haɗa tablet da babbar sifikar da suke jin waƙa, duk ranar da sifikar ke kunne, tablet na iya komawa can da kanta. Mutumin nan yana ɗaki da ekuter a kunne yana ta "alo, alo", ashe muryar amaryarsa tana fita a zaure, gaban abokan shan shayinsa.

Mai gabatarwa: Kai, Malam, Allah ya rufa asiri! To me ake yi?

Mai gyara: A shiga wurin Bluetooth, a goge sunan sifikar daga jeri, a bar ekuter kaɗai.

Mai gabatarwa: Ƙanwata, kin dai ji. Ni kuma ga tawa, ba ta Malam ba. Ku mazan da ke Libiya da Aljeriya da Abijan, kafin ku sayi abu ku aiko, ku tambaya ko yana cin pus, ku haɗo da ekuter a cikin kwalin, ba wani kuɗi ba ne. Iyayenmu kuma, da girmanku da komai, in an gama gaisuwar gida a ba yarinya wuri. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Kuma kada ki sayar da ƙaramar wayar nan, don WhatsApp ba ta kiran 17 na ƴan sanda ko 18 na masu kashe gobara, ranar da rezon intanet ya ɗauke kuma ita ce za ta fishe ki.

Lokaci na gudu. Wani ma'aikaci daga Ali Ɗan Sofo yana da iPad mai pus, ya ce bai ga wurin buga lamba ba.

Mai gyara: Ba zai gani ba. iPad ko tana da pus, na intanet ne. Sai FaceTime, manhajar kira ta intanet ta kamfanin Apple, ko WhatsApp da ta fito da nata na iPad a 2025, ko kuma in yana da iPhone ya haɗa su kiran ya riƙa biyowa ta can.

Mai gabatarwa: Wani ɗan kasuwa mai zuwa sari Katsina yana so ya san wanne ya fi sauƙi in ya tsallaka iyaka, kira kai tsaye ko na intanet.

Mai gyara: Wato ni lokacin da nake zuwa Kano sayen gilashin waya, layi biyu nake riƙewa, na nan da na can mai 234, don da ka wuce Ɗan Isa kaɗan rezon gida sai ya fara yi maka sallama, kuma ƴan canji a nan bakin...

Mai gabatarwa: Wanne ya fi sauƙi, Malam?

Mai gyara: Na intanet, in ya sayi data a layin can. Lambarsa ta WhatsApp ba ta canzawa ko ya sauya pus. Kiran murya galibi bai kai mega guda a minti ba, bidiyo ne mai haɗama, ya ninka haka sau da yawa. Amma in wanda zai kira ƙaramar waya gare shi, to dole sai kira kai tsaye.

Mai gabatarwa: Ga wani ɗan kabu-kabu, wai wane ekuter ne ya fi toshe ƙarar hanya don ya ji kira sosai yana tuƙi. Wannan ni zan amsa. Ɗana, ƙarar hanyar nan da kake son toshewa, a cikinta hon ɗin tirela yake. Ka tsaya gefe ka amsa kiranka, fasinjan da ke bayanka ɗan wani ne.

Ta ƙarshe, daga wata malamar makaranta a Tibiri: bayan tablet ɗinta ya kumbura ya ɗago, ko ta ɗaure da roba?

Mai gyara: Batir ne ya kumbura, zafi ne ke jawo shi, balle a watan Afrilu da muke haura digiri 40, ga kira na bidiyo ana caji lokaci guda. Malama, kada ki matse shi, kada ki huda, ki daina sa shi caji, ki kai a canza batir ɗin gobe-goben nan.

Mai gabatarwa: Ga shi ana ɗaga mini hannu ta bayan gilashi. Mai tambaya daga Madarunfa kan cajin tablet da faranti mai hasken rana, ka yi haƙuri, da taka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode, labarin sarkin Denmark kuma ka ajiye mana shi. Wassalamu alaikum.