Anga ce ke shigar da kai ƙasar mutane: lacca kan jiragen shaƙatawa da kwastan a zamanin korona

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abubuwa uku na zo da su yau a kan jiragen ruwa na shaƙatawa, irin na masu hali da ke fita kamun kifi don nishaɗi, da yadda suka kwashe da kwastan lokacin korona. Misalinmu iyakar Amurka da Kanada, domin wani dogon yanki nata a cikin ruwa yake. Ranar 21 ga Maris 2020 aka rufe ta ga duk tafiyar da ba ta zama dole ba, kuma yawon shan iska a jirgi ba dole ba ne, ko da matarka ce ta matsa maka.

Na farko, wanda ya fi burge ni: yaushe ne za a ce ka shiga ƙasa? A tudu abin da sauƙi, ga shinge ga jami'i. A ruwa fa? Ku ɗauki kogin San Lorans, wajen da ake kira Tsibirai Dubu. Iyaka tana lanƙwasa tsakanin tsibirai, ba fenti, ba allo. Kifi ma bai san da ita ba. A 2011 jami'an Kanada suka tare wani matashi Ba'amurke yana kamun kifi kusa da garin Gananok na Kanada, suka ce ya shigo bai buga waya ya sanar ba, ya biya dala 1,000 nan take ko a riƙe jirgin. Aka yi ta cece-kuce, daga baya aka mayar da tarar dala 1. Dala ɗaya, jama'a! Sai a 2017 Kanada ta gyara dokar: idan ka ratso ruwanta ba ka taka tudu ba, ba ka ɗaure jirgi ba, ba ka haɗu da wani jirgin ba, ba ka kuma jefa anga ba, babu ruwanka da sanarwa. Anga, wato ƙarfen nan mai nauyi da ake sakewa ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya. Ku riƙe wannan. Kana shawagi, kai mai wucewa ne. Ƙarfen nan na taɓa laka, ka zama baƙo, ka shigo ƙasa, sai ka yi bayani. Ƙarfe fa! Na maimaita saboda wancan ɗalibin da ke danna waya: anga ce ke shigar da kai.

Da korona ta zo, wannan sassaucin ma bai ceci ɗan yawon shaƙatawa ba. Aka bar ƙofa guda: a lokacin, mai tahowa daga jihar Washinton zuwa Alaska, jihar Amurka da Kanada ta raba da sauran, yana iya bi ta ruwan Kanada, amma kai-tsaye, ba yada zango sai iska ta ɓaci ko mai ya ƙare, kuma in ya tsaya ya sanar, kowa ya zauna cikin jirgi. Wasu suka riƙa cewa Alaska za su, alhali ba su da niyyar ganin Alaska, har da masu kashe na'urar da ke nuna inda jirgi yake.

Wannan zaman cikin jirgi ya tuna min da tutar nan rawaya da jirgi ke ɗagawa idan ya iso tashar wata ƙasa. Yau ma'anarta lafiyarmu ƙalau, a zo a duba mu. Killace jirgi saboda cuta kuwa tsohon abu ne, mutanen Raguza, wato birnin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya a yau, sun sa kwana 30 tun 1377, daga baya a birnin Benis na Italiya aka mayar da shi 40. Kamar arba'in ɗin mai jego, sai dai babu kunun kanwa.

Na uku... na faɗi na biyu? To ku haɗa su. Hukunci a wancan lokacin: wanda aka bari ya shiga Kanada sai ya killace kansa kwana 14, wanda ya karya dokar killacewa tararsa na iya kaiwa dalar Kanada 750,000 ko ɗaurin wata shida. Ranar 9 ga Agusta 2021 Kanada ta buɗe wa Amurkawan da suka kammala rigakafi, bayan sun cike bayanansu a manhajar ArriveCAN.

Na'am, Hajiya, ga hannunki. Tana tambaya, idan iska ce ta kaɗa mutum ya tsallaka ba da son ransa ba fa? Ai an yi! A Agustan 2016 mutanen garin Fot Huron a jihar Mishigan ta Amurka suka fita bikinsu na shekara-shekara, kowa ya hau tayar roba ko katifar iska ya bi kogin San Kilaya da ke kan iyaka. Iska ta taso ta kwashe kusan mutum 1,500 ta zube su a garin Saniya, cikin Kanada, yawancinsu daga su sai gajeren wando, ba fasfo ba komai. Kanadawa suka tsamo su, suka zuba su a motocin safa na gari, 'yan sanda suka raka su har gada aka mayar da su gida. A 2020 an sake yin bikin, sai hukumomi suka ja kunne tun da wuri cewa bana wanda iska ta kawo zai gamu da dokar killacewa. To, an kira salla, sauran tambayoyin a same ni a waje.