Makarantar gwamnati kyauta ce, to kuɗin me muke biya?

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron iyayen ɗalibai a Maradi, ana gab da komawa makaranta.)

Assalamu alaikum. Malamai, masu unguwanni, iyayenmu maza da mata, barkanku da zuwa. Zan riƙa faɗin kuɗi da dala da jika yadda muka saba a kasuwa, jika ɗaya dala 200 ce, don kowa ya bi lissafin da kansa.

Yaron da ya gama firamare, shekara 7 ke gabansa kafin ya kai ƙofar jami'a: 4 a kolej, daga siziyam zuwa turaziyam, inda zai zana jarrabawar BEPC, sai 3 a lise, inda zai zana ta BAC. A duk shekarun nan makarantar gwamnati ba ta karɓar kuɗin karatu irin na makarantu masu zaman kansu. Gwamnati ke biyan malamai, da ɗaukakku da ƴan kwantiragi. Amma kalmar "kyauta" ta ruɗi mutane da yawa. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Yuni 1998, cewa ta yi nauyin makarantun gwamnati yana kan gwamnati, da ƙananan hukumomi, da iyalai. Ke nan tun a takarda akwai kason uba. Abin da ya kamata mu sani shi ne wane kuɗi ne aka yarda da shi a taro, wane ne buƙatar ɗanka shi kaɗai, wane ne kuma wani ya ƙirƙiro don ya ga ba mai tambaya.

Mu fara da wanda ake yawan faɗa a kansa, kuɗin COGES, wato kwamitin kula da makaranta. Wannan ba haraji ba ne, gudummawa ce da taron iyaye ke yankewa, kuma tana da tsari. Ana kiran babban taro a zaɓi shugabannin kwamiti. Ƙuri'ar sirri ta fi, domin in aka ce a ɗaga hannu ba mai iya ƙin Alhaji a gaban jama'a. Sannan a zauna a lissafa matsalolin makarantar, a sa wa kowace farashi, a jera su daga wadda ta fi gaggawa. Bayan an san jimilla ne ake raba ta a kan ɗalibai. A ƙarshen shekara kuma a sake kiran taro a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Ga misali. A ce kolej mai ɗalibai 800 tana son rumfunan zana 6, da gyaran tebura 40, da alli, da kuɗin ruwa, da ɗan abin da za a ba mai gadi, duka ya kama jika 1,200. In aka raba, kowane ɗalibi dala 300 ne. Sai dai ba kowa ke biya ba. In 600 suka biya, jika 900 ce a hannu, akwai giɓin jika 300. Wannan giɓi shi ya sa nake cewa a jera ayyuka tun farko. Kwamitin da bai jera ba, shi ne za ka tarar ya shafe ofis da fenti a watan Nuwamba, a watan Maris kuma ba alli.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Ana yanke kuɗi kafin a yi lissafi, a ce "bara jika biyu aka biya, bana ma haka", ba wanda ya san me za a yi da su. Ana karɓa ba rasit. Kuɗin yana kwana a aljihun mutum ɗaya, alhali akwai ma'aji da aka zaɓa. Wani wuri malamin aji ake sa wa karɓa, shi ke ba da maki kuma shi ke bin bashi, kun ga an haɗa abin da bai kamata a haɗa ba. Maganinsa ba wuya: littafin rasit mai lamba da kwafi biyu, sa hannun mutum biyu kafin ko dala ta fita, da takardar lissafi manne a bangon makaranta inda kowa zai gani. Ba zargi ba ne ka nemi rasit. Ma'aji na kirki ma shi ya fi kowa son a nema, don shi ke wanke shi.

Kuma ba dole sai tsabar kuɗi ba. Manomi na iya kawo kara ko zana ko itace, kafinta ya gyara tebur, a ƙiyasta a rubuta masa. Uba mai ƴaƴa huɗu a makaranta ɗaya, taro na da ikon rage masa. Marayu a yafe musu, amma a yanke haka a gaban kowa, a rubuta, kada ya zama alfarmar da wani ke rabawa a ɓoye.

Bari in tsaya kan rumfuna kaɗan, don su ke cinye kaso mai yawa na gudummawar nan kowace shekara. Rumfar kara ba ta ƙetare damina. Ruwa da gara da iska sun gama da ita, sai a sake. Karan kuma ba ya samuwa sai an girbe hatsi, shi ya sa ajin rumfa kan fara karatu bayan sauran, ya kuma tashi da wuri in hadari ya fara haɗuwa. Uban ya biya daidai da kowa, ɗansa ya samu gajeriyar shekara. Ga kuma wuta. Ba wanda ya manta Nuwamban 2021 a garin nan, lokacin da gobara ta kama azuzuwan zana ta halaka yara fiye da 20, Allah Ya jiƙansu. Duk kwamitin da zai kafa rumfuna ya bar tazara tsakaninsu, ya yi wa kowace ƙofa mai faɗi, masu tuya da masu shayi su yi nesa. Ni a ganina, kowace shekara a ware wani abu, ko kaɗan ne, a tara don ajin bulo. Kuɗin da ake zuba wa kara shekara bayan shekara ba ya barin komai a ƙasa.

Na biyu, kayan karatu. A firamare malami ɗaya ne, a kolej kowane darasi da malaminsa, kowa kuma da kayen da yake so, wato littafin rubutu: wannan mai shafi 100, wancan mai 200. Ga bik, ga akwatin kayan lissafi mai kompa da ekar, ga tufafin makaranta, ga na wasanni. Kuskuren da iyaye ke yi shi ne saye kafin malamai su faɗi abin da suke buƙata, sai a sayi ƙarami inda ake son babba, a sake saye. Ku sayi kaye biyu ko uku da bik na makon farko, sauran ku jira. Tufafi kuwa ku kai wa tela da wuri, a ɗinka da ɗan yalwa, yaron siziyam girma yake. Littattafai ba sa isa, don haka akwai kuɗin fotokofi da ke zuwa jefi-jefi. Yara uku ko huɗu na unguwa ɗaya na iya haɗa kuɗi su sayi littafi guda su riƙa karɓa-karɓa.

Yanzu ga wanda ya fi duka girma, kuma ba a kiran taro a kansa: kuɗin safe. A ce kana ba yaro dala 20 kullum na ƙosai ko kunu. Kwana 20 a wata, jika 2 ke nan. Wata 9, jika 18. In makarantar na da nisa, yana hawa kabu-kabu ko adaidaita, a ce dala 40 zuwa da dawowa, ƙarin jika 36 ne a shekara. Jimilla jika 54 a kan yaro guda. Ku kwatanta da dala 300 ɗin da muke ta da jijiyar wuya a kai. Da yayyafi kogi kan cika. Uban da ya yi wannan lissafi zai ga keke na hannu ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, ko ya nemi a mayar da yaron kolej mafi kusa da gida tun farkon shekara, kafin azuzuwa su cika. Uwar da ta dafa abin kari ta ƙulla masa ta rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan lissafi.

Ga mutanen karkara nauyin ya ninka. Yaro daga wani ƙauyen Madarumfa ko Gidan Rumji ko Dakoro, in ba kolej kusa, sai a kai shi gidan wani a gari. A nan ake asarar yara da yawa, kuma ba don sun kasa karatu ba. An kawo shi da buhun hatsi rabi da "ga amana nan", ba a sake leƙowa ba. Zuwa watan Janairu hatsin ya ƙare, maigidan ya fara ɗaure fuska, yaron ya koma ɗan aike, yarinya ta koma mai wanke-wanke da talla. Ku zauna da mai masauki ku yi magana a fili tun ranar farko: tiya nawa a wata, kuɗin cefane nawa, wa ke sayen sabulu, wa ke biyan magani in zazzaɓi ya kama shi, wane aikin gida zai yi, wane lokaci ne na karatu. Kunya a ranar farko ita ke haifar da rigima a tsakiyar shekara. Kuma ku kai hatsin kashi-kashi, don kowace kaiwa dama ce ta ganin yaron da duba kayensa. A kan ƴan mata, akwai dokar da gwamnati ta fitar a Disamban 2017 don kare karatunsu, amma takarda ba ta ciyar da yarinya a gidan wani. Kafin ka tura ta, ka san matar gidan da kanka.

Sai shekarar jarrabawa, turaziyam da tarminal, wato ajin ƙarshe na lise. Akwai kuɗin rajista da hukuma ke sanarwa kowace shekara, da hotuna, da kwafin takardar haihuwa da aka buga wa hatimi. Ku tambayi adadin da ke cikin sanarwar, ku biya shi, ku karɓi rasit. Wanda ya shiga a matsayin ɗalibi mai zaman kansa ya fi wanda makaranta ta gabatar biya. Abin da ke cin kuɗin banza a nan takardar haihuwa ce. Wani ba shi da ita sam, sai an je kotu an yi hukuncin da ke maye gurbinta, da shaidu, da kuɗin mota, da jira. Wani yana da ita amma sunan ya bambanta: a takarda Mahamadou, a rajistar makaranta Mamane, ko shekarar haihuwa ta sha bamban. In aka gano haka saura mako guda a rufe rajista, nan ƴan "kawo in taimaka maka" ke samun kasuwa. Yau in kun koma gida ku ciro takardar, ku ɗora ta kusa da takardar sakamakon yaron, ku duba harafi da harafi. Gyaran da aka yi a siziyam arha ne.

A shekarar nan ne kuma darasin ƙari na yamma ke shigowa. Ba laifi ba ne, wani yana da amfani ƙwarai, musamman lissafi da kimiyya. Sharaɗin kawai: ya zama na ganin dama, kuma abin da ke cikin manhaja a koyar da shi a aji ga kowa. In malami ya ɗauke rabin darasi ya kai wurin da ake biya, magana ce ta kwamiti da darakta, ba ta yaro ba.

Abu mafi tsada duka shi ne maimaita aji. Ana neman maki 10 cikin 20 a wuce. Wanda ya maimaita, duk lissafin da muka yi ka sake biyansa. Wanda aka sallama kuwa, ko makarantar kuɗi ko zaman gida. Saboda haka karɓar takardar sakamako da zuwa ganin malamai cikin lissafin kuɗi suke.

Lokaci ma yana da nasa. Komawa makaranta kan zo a Oktoba, daidai kaka, lokacin da wake da gujiya da aya suka cika kasuwa, farashi ya faɗi. Uban da bai shirya ba dole ya sayar da arha. Wanda ya shiga adashi tun bazara ya nemi kwasarsa ta faɗo a Satumba, ko ya ware akuya guda da sunan makaranta, bai shiga wannan tarko ba. Ranar ma tana iya motsawa: a 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawar zuwa 28 ga Oktoba. Kuɗin da aka tanada, in aka ɗage, a sayi kayan a ajiye, in ba haka ba cefane zai cinye shi.

(Wata uwa ta tambaya ko daidai ne a koro yaro daga aji don bai biya kuɗin kwamiti ba.)

Hajiya, ba yaron ne ya yi alkawari a taro ba, iyaye ne. Bashin yana kanku, don haka ku za a nema, ba shi za a tsayar a rana ba. In an koro shi, kada ki aika da faɗa ta bakinsa. Ki je da kanki wurin shugaban kwamiti, ki faɗi abin da za ki iya da ranar da za ki kawo, ko kashi biyu ko uku, a rubuta a littafi, yaron ya koma aji a ranar. In bai yiwu ba ki ga darakta. In nan ma an ƙi, akwai ofishin masu duba makarantun sakandare, ki tafi da rasit ɗin abin da kika riga kika biya, da sunan ajin yaron, da ranar da aka koro shi.