Ashe akwai maganin farfaɗiyar da ke ƙara farfaɗiya

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da ƙarar iska, yanzu na fito daga lacca a nan Faransa, kuma wallahi jikina ya yi sanyi. Wai a ba yaro maganin farfaɗiya, sahihi ba jabu ba, ciwon ya ƙaru!

Sunan ciwon Dravet. Wata likita ce 'yar ƙasar nan, Charlotte Dravet, ta fara bayyana shi a birnin Marsai a 1978. Jariri lafiyarsa lau, kafin ya cika shekara zazzaɓi ya kama shi, sai jijjiga mai tsawo. Galibinsu matsalar a ƙwayar gado ɗaya take, SCN1A, wadda ke ƙera 'yar ƙofar da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. To ƙwayoyin da ke taka wa ƙwaƙwalwa birki su suka fi dogara da ƙofar nan. Birki ya riga ya yi rauni, sai a kawo carbamazepine ko phenytoin, waɗanda aikinsu toshe ƙofar sodiyam ne. Kun ga an ƙarasa shi ke nan. Kuma yawanci uwa ba ta da shi, uba ba shi da shi, a jikin yaron canjin ya fara.

Na ji daɗi fa, ni na amsa tambayar malamin a kan wannan, duk ajin aka juyo.

Sababbin magunguna suna zuwa. Amurka ta amince da Epidiolex a 2018, Fintepla a 2020, dubban daloli a shekara, kar ma ku tambaya. Wanda ya fi burge ni zorevunersen ne, ana kan gwajinsa: allura ce ta ruwan lakar gadon baya, tana sa lafiyayyen kwafin ƙwayar gadon, cikin biyun da kowa ke da su, ya ƙara aiki.

Amma ina zaune a ajin, zuciyata tana gida. Mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi, da yawansu ko tsohon maganin phenobarbital na 1912 ba sa samu.

Don Allah 'yan'uwa, in an fara wa yaro magani kuka ga faɗuwar ta ƙaru, ku koma wurin likita a ranar, kar ku tsayar da shi da kanku. In kuma ya faɗi, ku kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali a baki. Ta wuce minti 5, sai asibiti.