An Ba Ka Bizar Shekara Biyu, Amma Kwana Nawa Za Ka Zauna?

[Allo: gajerun bidiyoyi na wucewa, bakin teku, dogayen gine-gine, filin jirgi]

Kwanan nan duk shafin da mutum ya buɗe sai ya ci karo da irin waɗannan: ƙasashe goma masu arhar zama, ƙasashe biyar da ake shiga ba biza. A ƙasan bidiyoyin kuma tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: "An ba ni bizar shekara biyu, ke nan zan iya zama shekara biyu?" A'a, ba haka ba ne. Kuma a nan ne masu shirin zaman wucin gadi a ƙasar waje suka fi yin tuntuɓe.

Sauran abubuwan da ake dubawa wajen zaɓen ƙasa ba su da wuyar ganewa, don haka bari mu wuce su da sauri. Kuɗin haya shi ne babban abin da ke cinye aljihu, a duba na birnin da za a zauna, domin babban birni da ƙaramin gari ba ɗaya ba ne. A duba harshen da ake yi a ofis da asibiti. A duba yanayin watannin da za a yi a can, domin hoton da ya burge ku da rani aka ɗauke shi. Duk waɗannan mutum zai iya bincikawa a yini guda.

[Allo: takardar biza a cikin fasfo, an kusanto da ita]

To, ku dubi wannan takarda da kyau. Abu uku ne a jikinta, kuma kowanne da aikinsa. Layin sama yana nuna daga ranar kaza zuwa ranar kaza: wannan shi ne wa'adin da bizar take aiki, wato lokacin da za ka iya gabatar da ita a bakin iyaka. Na biyu, yawan shiga: sau ɗaya, sau biyu, ko sau da yawa. Na uku, wanda ido ya fi tsallakewa, shi ne adadin kwanakin zama. Ga shi nan a gefe, ɗan ƙarami: 90. Wannan lamba ita ce ke mulkin zamanka.

Mu ɗauki yankin Shengen, domin a nan ruɗanin ya fi yawa. Ƙasashe 29 ne na Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, har da Suwizalan da Nowe waɗanda ba sa cikin Tarayyar Turai. Ailan kuwa tana cikin Tarayyar amma ba ta cikin Shengen. Dokar baƙo mai gajeren zama ita ce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma lissafin na yankin ne gaba ɗaya. Idan ka yi wata biyu a Faransa ka tsallaka Italiya, kwanakinka na ci gaba da tafiya daga inda suka tsaya.

[Allo: kalanda, da akwatin kwana 180 yana matsawa gaba]

Ku lura da wannan akwatin da ke motsi. Kwana 180 ɗin ba daga farkon shekara ake ƙirga su ba, ba kuma daga ranar da aka buga biza ba. Kowace rana da kake cikin yankin, sai a waiwaya baya kwana 180 daga wannan ranar, a ƙirga nawa ka yi a ciki. Ranar shiga kwana ɗaya ce cikakkiya, ko da ƙarfe sha ɗaya na dare ka sauka. Ranar fita ma haka.

Ga misali, a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28. Ka shiga ranar 1 ga Janairu, ka zauna ba fita. Kwana na 90 zai faɗo ranar 31 ga Maris. Ba za ka sake shiga ba sai 30 ga Yuni, bayan ka yi kwana 90 cur a waje.

Yanzu mu sauya. Ka shiga 1 ga Janairu, ka fita 1 ga Maris, ka ci kwana 60 ke nan. Ka yi wata guda a waje, ka dawo 1 ga Afrilu. Mutane da yawa suna ɗauka fitar nan ta wanke lissafi, sun samu sabon 90. Abin da ya rage maka kwana 30 ne kacal, kuma 30 ga Afrilu dole ka kama hanya. Ku tsayar da bidiyon nan ku sake kallon kalandar, don Allah, domin wannan misali na biyu shi ne ke jefa mutanen kirki cikin laifin da ba su yi niyya ba.

A da, jami'in iyaka hatimin cikin fasfo yake bi yana ƙirgawa. Tun Oktoban 2025 yankin ya fara aiki da tsarin kwamfuta mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, yana ajiye ranar shiga da ta fita. Kwana ɗaya da ya hau, na'ura ta gani.

[Allo: tutocin Birtaniya da Amurka]

Wasu ƙasashen lambobinsu daban ne, amma tarkon iri ɗaya. Birtaniya na ba da bizar ziyara ta shekara 2, 5 ko 10, amma kowace zuwa ba ta wuce wata shida, kuma idan aka ga mutum ya mai da ziyara zama, ana iya mai da shi daga filin jirgi. A Amurka, jami'in da ya karɓe ka ne ke yanke ranar fitarka, tana kuma cikin takardar da ake kira I-94. Wanda ya zarce fiye da kwana 180 sannan ya fita, an rufe masa ƙofa shekara 3. Wanda ya zarce shekara guda ko fiye, shekara 10.

Saboda haka, a ganina, an juya tsarin zaɓen ne. Kafin a tambayi wace ƙasa ce ta fi daɗi, a fara amsa tambaya biyu: wata nawa zan yi, kuma me zan je yi? Idan zaman ya wuce wata uku a Shengen, bizar C ta gajeren zama ba ta ka ba ce. Bizar D kake nema, wadda ƙasa ɗaya ke bayarwa bisa dalili guda: karatu, aiki, ko bin iyali. Bizar ziyara ba ta ba da izinin kama aiki, ko da shagon ɗan'uwanka ne.

Masu aiki ta intanet ga kamfanin da ke wata ƙasa suna da tasu ƙofar. Estoniya ta buɗe musu biza a 2020, Fotugal a 2022, Sifaniya a 2023. Sharaɗinta shi ne shaidar kuɗin shiga daga waje. Fotugal na neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasarta. Su ma su riƙe wata lamba, 183: a ƙasashe da yawa, wanda ya kai kwanakin nan a shekara ya shiga sahun masu biyan haraji a can.

[Allo: fasfo, takardar inshora, bayanan banki a kan tebur]

Takardu kuma, ga su a allo. Shengen na son fasfon da bai wuce shekara 10 da bugawa ba, wanda zai ƙara wata uku bayan ranar fita. Wasu ƙasashen wata shida suke nema. Mai neman bizar C sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000.

Kada kuma a shiga da bizar ziyara da nufin "in na isa zan canza". Yawancin ƙasashe sai mutum ya koma inda yake zaune ya nemi bizar dogon zama a ofishin jakadancinsu, kuma amsar kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A nemi ta dogon zaman tun daga gida, a jira ta fito, sannan a sayi tikiti a biya kuɗin haya.