Malami da kujera: laccar wani tsohon farfesa ga sababbin lakcarori

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Shugaban taro ya ba ni minti talatin, alhali shi kansa ya san ba a taɓa yin farfesan da ya tsaya a minti talatin ba. (dariya) Abu huɗu zan taɓo a kan rayuwar malamin jami'a da ya daɗe har aka ɗora masa mulki.

Na farko, bari in ɗauko mutum guda mu aza shi a gaba, marigayi Farfesa Ishaya Audu. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da Bature, Norman Alexander, mutumin New Zealand. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka miƙa wa Ishaya Audu jami'ar, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta, bai ma cika arba'in ba. Likitan yara ne fa, ɗan Anchau, ya taɓa zama likitan Sardauna. Shekara tara yana kan kujerar, har 1975, da yaƙin basasa da komai a ciki, kuma a zamaninsa aka buɗe tsangayar likitanci da makarantar share fage, SBS, wadda ta ba yaran Arewa da yawa ƙofar shiga digiri. Af, tunda na ce kujera, don Allah 'yan jarida ku daina ce wa VC, wato Vice-Chancellor, mataimakin shugaban jami'a. Shi ne shugaban! Wanda ake ce wa Chancellor uban jami'a ne, galibi sarki ne, ranar yaye ɗalibai ake ganinsa ya sa alkyabbar boko ya raba digiri ya koma fadarsa.

Na biyu, tsanin ƙarin girma. Ka shigo da digirin farko kana taya manya, ka zama mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, rida, wato mai dab da farfesa, sannan farfesa, kowane mataki kusan shekara uku in ka yi rubuce-rubuce, na ƙarshen kuma sai an aika takardunka wa masana na waje sun auna. Wannan kun sani, mu wuce.

Abin da ba a gaya muku shi ne ranar da za a kira ka a ce kai ne jami'in jarrabawa na sashe. A nan mulki yake farawa, ba a ofishin VC ba. Ni lokacin da aka ba ni babu kwamfuta, babbar takarda ce kamar tabarma, sunan ɗalibi a hagu, kwasa-kwasai a sama, ga kalkuleta ga jan biro ga rula don kada ido ya tsallake layi. Wata rana ido ya tsallake. Na ɗora wa wani yaro makin na ƙasansa, yaron da ya ci ya tashi da kariyoba, wato sai ya maimaita kwas ɗin, wanda ya faɗi ya wuce abinsa. Sakamakon nan ya bi ta kwamitin sashe, ya bi ta tsangaya, ya je sanet, majalisar malaman jami'a, manyan farfesoshi sun zauna sun amince, babu wanda ya gani, don kowa ya ɗauka na ƙasa ya duba. Yaron ya zo ofishina ya tsaya bakin ƙofa riƙe da hularsa, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, Malam ni dai na san abin da na rubuta. Na shiga sito na kwance ɗaurin takardun amsa, ƙura har cikin hanci, na samo tasa, 64 ɓaro-ɓaro da rubutun hannuna. Wata biyar ana rubuce-rubuce kafin a gyara layi ɗaya. Layi ɗaya! Kuna dariya, ni ranar ban ci abinci ba.

Daga baya na yi shugaban sashe, na yi din, wato shugaban tsangaya, na yi kwamitoci har na daina ƙirgawa, amma duk fayil ɗin da aka ajiye min sai in ga yaron nan da hularsa. Don mulkin jami'a ba komai ba ne illa sa hannu, kuma bayan kowane sa hannu akwai mutum a tsaye bakin ƙofa. Kuma kujerar tana cin karatu, kada a ruɗe ku. Ka fito mitin ƙarfe shida, litattafan da ka aro suna kan tebur wata uku ba ka buɗe ba, ɗalibinka na digiri na uku ya fi ka sanin abin da aka buga bana. Wannan ne na uku, ko har yanzu ina na biyu? To ku haɗa su.

Zaman kwatas kuwa, wanda ka hana wa ƙarin girma da safe shi ne maƙwabcinka da yamma, 'ya'yanku makaranta ɗaya, matanku na biki tare. Sai ka koyi gaisawa da mai fushi da kai. Yajin aiki ma haka, ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, tun 1978 take, na 2022 wata takwas aka yi, kai kana ƙungiya kuma kana hukuma, kowane ɓangare na kallonka a karkace.

Na ga hannu a can. Ɗiyata, ɗaga murya.

(Wata lakcara ta tambaya ko ya dace matashi ya karɓi muƙami kafin ya gama digiri na uku.)

Kash, kin ɓata min na huɗu, amma tambayarki ta fi shi. In kina da yadda za ki yi, kada ki karɓa. Gama digirin tukuna. Kujera ba ta gudu, yanzu farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya, VC kuwa wa'adi ɗaya ne na shekara 5, ya sauka ya koma sashensu a ba shi kwas kamar kowa. Ishaya Audu ma da ya yi takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Azikiwe a 1979, ya yi ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari, a ƙarshe Samaru ta Zariya ya koma yana duba marasa lafiya. Aikin hannunsa na nan, shi ya sa ya sami wurin komawa. Amma in shugaban sashenki ya matsa, an san halinsu, ni ma na matsa wa wasu, to ki karɓa da sharaɗin shekara biyu a rubuce, kuma ki riƙe kwafi. Ga shi an turo min 'yar takarda, wai saura minti ɗaya. Wa ke da wata tambayar?