Sharhi: Masu waƙar muhalli, ina gawo, ina kacalla?

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau kan 'yan ƙungiyoyin nan ne na marubuta waƙoƙi da suka riƙi muhalli a matsayin jigo, masu haɗuwa ƙarshen mako a wani aji ko gindin darbejiya, kowa ya karanto baitocinsa 'yan'uwa su yi masa gyaran kari da amsa-amo. Abin ba baƙo ba ne, tun a shekarun 1970 ƙungiyar Hikima ta yi irin wannan zama a Kano. To madalla da waɗanda suka ɗora.

Sai dai fa akwai ƙorafi. Yawancin waƙoƙin da ake ji duk abu ɗaya ne, mu dasa bishiya, mu daina sare daji, hamada na tafe, kai ka ce daga allon tallan wata ma'aikata aka kwafo. Wace bishiya? A ina? Wa zai ba ta ruwa a watan Afrilu?

Ga gawo nan, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina lokacin da kowa ke kore, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, ganyen da ya zubar ya zama taki, sai rani ya yi sannan ya yi lif ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, wallahi wannan kaɗai ya isa waƙa mai baiti hamsin. Kuma akwai labari a bayansa. Bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gona maimakon ƙone shi, su rage rassa su bar masu ƙarfi, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, ba tare da an jira motar rabon dashe ba. Manomi ya yi nasa da adda, marubuci kuwa yana nan yana maimaita taken gangami.

Haka in ka gangara fadamar Haɗeja da Nguru. Tunda aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunci ba wurin jefa taru, tsuntsun jan-baki kuma ya samu maɓoya yana fitowa ya cinye shinkafa. Tafkin Chadi ma da ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a shekarun 1960 kowa ya san yadda ya tsuke.

Ni a ganina gyaran daga zaman ƙungiyar zai fara. In za a duba waƙa kar a tsaya kan amsa-amo kawai, a tambayi mai ita ko ya san bambancin marke da ƙirya, ko ya taɓa zama da mai yin gawayi ya ji dalilinsa, don shi ma fa ba ƙeta ce ta kai shi daji ba, gas ya yi tsada, mata na neman abin girki. A riƙa gayyato masunta da makiyaya da tsofaffin mata masu tsintar itace zaman, su saurari baitocin, in an yi ƙarya su ce an yi ƙarya.